Ilu Ƙona-Taya

Na ji ku jiya kuna dariya a bakin garaji, wai an ce ku kawo wa Ilu Ƙona-Taya taya ya duba muku. Ku yi dariyarku, ba ku kuka fara ba. Iyayenku ma sun yi, wasunsu har da riƙe ciki. Amma tun da kun tako da ƙafarku har unguwarmu Kara-Kara, kuma ɗayanku ya buɗe baki ya ce aikin taya ai ba sana'a ba ce, hura iska ne kawai da shafa kwal a manna faci, to ku gyara zama. Na ga yadda kuke zaɓen taya. Ku harbe ta da ƙafa, ku tambayi kuɗinta, ku ɗauki wadda ta fi baƙi. Tsohuwar da ta je sayen tukunya ma tana ƙwanƙwasawa ta kasa kunne, ku ko wannan ba ku yi.

Ni ɗan dukawa ne, a cikin Birnin Damagaram aka haife ni. Mu biyu babanmu ya zaunar a kan tabarmar aiki, ni da Yaya Habu. Yaya Habu Allah ya ba shi hannu. In ya ɗora aska a kan fata, sai ka ga zayyana tana fitowa kamar dama tana ciki. Ni kuwa hannuna nauyi, ɗinkina kamar na mai ɗaure buhu. Akwai abu guda da babanmu ba ya yafewa. Tumtum, wato matashin fata, zagayayye ne, in ka zagayo da zayyana ka dawo inda ka faro, ba ta taɓa haɗuwa daidai, sai an toshe mahaɗar da wani ɗan ado. Wannan shi muke cewa rufi, kuma kowane gidan dukawa da nasa. Namu sawun zabuwa ne, 'yan layuka uku ƙanana da suka fito daga wuri ɗaya. Wanda ya gama aiki bai yi rufi ba, yatsunsa za su gaya masa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tayar farko da na taɓa, Maigida Kiyari ne ya gangaro da ita unguwarmu, bayan an ɗauke gwamna daga Damagaram an kai Yamai. Babarbare ne, tsohon soja, a wajen Nasara ya koyi tuƙi da gyara. Dutse ya yage gefen tayar kamar tsawon tafin hannu, yana neman badukun da zai ɗinke. Dukawa suka taru suna kallo suna kaɗa kai, wai su masu aikin sirdi ne, ba sa taɓa ƙafar ƙarfe. Aka tura min ita don a yi min dariya. Na jiƙa ɗanyar fatar sa, na shimfiɗa ta ciki, na huda da basilla na ɗinke da tsirkiya, na bar ta a inuwa ta bushe ta kama. Tayar nan ta je Mirya ta dawo sau ba adadi. Bayan kwana bakwai Kiyari ya dawo ya roƙi babanmu ya ba shi ni. Babanmu bai ko yi ja-in-ja ba, ina jin daɗi ma ya ji.

Kayan aikinmu a rumfarsa ta unguwar Zango ba su da yawa. Kirik na ɗaga mota, ƙarafa uku na ɓamɓare taya, famfon hannu da ke cinye kafaɗa, zarto na kankare roba, gwangwanin kwal, da kaskon garwashi na gasa faci. Shi kaskon nan, ranar farko Kiyari ya ja ni da kunne har gabansa, ya ce duk ranar da ya ga taya kusa da shi da taki uku, in tattara in koma ɗinkin layu. Shekara biyu ban zaɓi taya ba, sai ɓamɓarewa da hurawa. Ku da kuke danna maɓalli inji ya hura muku, ba ku san bashin da kafaɗunku suka tsallake ba.

Da ya fara koya min zaɓi, sai ya hana ni kallo. Ya ce ido maƙaryaci ne a wannan aiki. Ka fara da farce. Ka danna shi a jikin roba, in ya shiga ya bar alama sannan alamar ta cike, robar tana da rai. In ta ƙi kamar ƙaho, rana ta riga ta cinye ta, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Sannan ka matse gefenta ka ga ko za ta buɗe maka ƙananan tsagu kamar kaushin dunduniya. Sannan ka zura tafin hannu ciki ka zagaya a hankali, kana neman inda zare ya tashi ko inda ya kumbura. Sai ka gama duk wannan za ka dubi zanen. Mai laushi tana riƙe ƙasa amma hanya tana cinye ta da wuri. Mai tauri tana daɗewa amma a kan dutse zamewa take, kuma mu nan duwatsu Allah ya yi mana. Mai araha ba laifi ba ce, ni da masu araha na ci abinci duk rayuwata. Laifin shi ne ka saya ba ka san dalilin arahar ba.

Akwai wani Nasara mai awon ƙasa da ya taɓa kafewa a yashin hanyar Hamdara, aka zo aka ɗauke mu a kan raƙumi. Tayoyinsa sababbi ful, masu manyan haƙora irin na laka, ya hura su sun yi tauri kamar ganga. Yana ba ta wuta tana haƙa wa kanta kabari. Mutanen ƙauye sun taru suna turawa, yana zaginsu da yarensa na Faransa. Kiyari ya tsuguna ya sassauta wa kowace taya iska har ta baje ciki, motar ta taso kamar ba ita ba. Nasaran nan bai gode ba, sai faɗa yake wai mun lalata masa taya. Na hura masa su da hannuna a bakin gari kafin ya yi shiru.

To, a cikin masu kawo mana aiki babu kamar Madugu Tanko. Asalinsa madugun ayari ne, ya yi shekaru yana kai raƙuma Kano da Agadas. Da ya ga mota tana yin kwana biyu a inda yake yin ashirin, sai ya sayar da raƙuman ya sayi tsohuwar kamyo, motar kaya mai ƙafa shida, biyu gaba, huɗu baya. Amma raƙumi bai taɓa fita daga kansa ba. In ya zo sayen taya sai ya shafa bayanta, ya leƙa haƙoranta, ya zagaya ta yana gyaɗa kai. Ga shi da maƙo, ga son a gani. Direbansa Sule mutumin Takeita ne, mai haƙuri, mai 'ya'ya biyar, ba ya musu da ubangidansa ko da an ce ya sha man injin.

Sai shekarar wahala ta zo, lokacin yaƙin Nasara na biyu. Kiyari ya riga ya rasu, ya bar min rumfar da kayan aikin. Aka rufe hanyar Kano, jirgi ba ya kawo komai, tayoyi masu kyau an bi gari an kwashe wa motocin soja. Shambur, wato robar ciki, sai ka ga faci a kan faci har ba ka san asalin launinta ba. Wasu har tsumma da ciyawa suka cusa a taya. Su ma dukawa abin bai bar su ba, don mai neman gero ba ya sayen tumtum. Na san gidan Yaya Habu ana kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma na san ba zai taɓa faɗa min ba. Duk abin da na mallaka a lokacin tayoyi biyu ne, tsofaffin na soja, munana, toka-toka, ɗaya da facin fata a gefe. Amma namansu da kauri, cikinsu lafiya lau. Na ɓoye su a bayan rumfa na rufe da zana, su ne jarina duka.

Ana nan Madugu ya samu aikin kai geron bariki Tasawa. Tayoyinsa sun ƙare ƙarƙaf. Na nuna masa nawa biyu, na ce ya sa su gaba, na baya mu lallaɓa. Ya dube su ya tofar da yawu, ya ce shi ba zai shiga Tasawa da ƙafafun kuturu ba. Bayan kwana uku sai ga shi da hantsi, dillali a bayansa, an turo tayoyi huɗu. Kai, ban taɓa ganin taya mai kyau irinsu ba. Baƙaƙe wuluk, suna sheƙi, zanensu ya fito rangaɗau. Dillalin yana ta rantsuwa wai ta hamada aka shigo da su daga arewa, kuma rabin kuɗi ya bayar saboda girman Madugu. Mutanen Zango suka taru suna sa albarka.

Na danna farce, ƙaho. Na shafa, tafin hannuna ya yi baƙi, na sansana, kuloko ne, baƙin da dukawa suke rina fata da shi. Na zura hannu ciki na danna ramin zanen ta waje, sai na ji yatsana a tafina kamar tsakaninmu ƙyalle ne. Tayoyi ne da suka cinye suka yi sumul, wani ya zauna da aska mai zafi ya yanka musu sabon zane har ya kusa taɓa zare. Na mirgina ta a hankali ina bin zanen, ina addu'a kada in ga abin da nake tsoro. Sai ga shi a mahaɗa, ƙarami, tsaf: sawun zabuwa. Na duba sauran ukun, kowace da nata. Allah Sarki, Yaya Habu. Mutum zai yi ha'inci, amma hannunsa ya kasa barin aiki ba rufi.

Yanzu ku da kuka ce sana'ar iska ce, ku gaya min yadda za ku yi. In na buɗe baki na ce yankan hannu ne, Madugu zai ja dillali gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, don kayan bariki zai ɗauka. Dillali kuwa mari ɗaya zai kira sunan Yaya Habu, hukuncin kuma aikin dole ne. A shekarun nan wanda aka tura aikin dole ba kowa ke dawowa ba, kuma Yaya Habu ko jakar gero bai taɓa ɗauka ba. In kuma na yi shiru, Sule ne zai zauna a kan tayoyin nan da lodi a bayansa.

Na ja Madugu gefe na ce robar ta tsufa, ba za ta kai Takeita ba. Ya ce baƙin ciki nake don bai sayi nawa ba, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na sauko, na ce to tun da ya saya, a sa su duka a baya. A baya ƙafa biyu-biyu ce, in ɗaya ta fashe 'yar'uwarta za ta riƙe. Ta gaba kuwa in ta fashe da lodi, sitiyari ƙwacewa yake, mota ta kifa. Sai ya dube ni kamar na zagi ubansa.

Ya ce, "Ilu, ka taɓa ganin ayarin da aka sa wa raƙumin baya ado? Na gaba ake yi wa kwalliya, shi mutane ke fara gani. Biyu gaba, biyu baya ta waje. Gobe da safe za su tashi."

Sule yana tsaye, ya dube ni, ya dubi tayoyin, ya sunkuyar da kai. Bai san me na gani ba, amma ya san fuskata.

Suka watse suka bar min aikin. Na sa biyu a baya ta waje kamar yadda ya ce, na bar musu iska kaɗan-kaɗan. Biyun gaban na ajiye na zauna ina kallonsu har rana ta take tsaka. Na yi tunanin in huda su, amma huji zai nuna siririn naman, a gane komai. Na yi tunanin a ce an sace, amma sai a kama wani bawan Allah. Da ladan ya kira azahar, na ƙara wa kaskon faci gawayi, na fifita har ya yi ja, na ɗauko tayoyin nan biyu na jingina su a jikinsa, mahaɗar zanen tana fuskantar wuta. Na yi alwala na tafi masallaci. Ban taɓa jan salla irin ta ranar ba, har nafila na ƙara.

Kafin in dawo hayaƙi ya turnuƙe Zango, mata suna tari, maƙwabta suna watsa yashi. Rumfata ma rabinta ta tafi. Madugu ya iso rawani a hannu. Ba irin sunan da bai kira ni ba. Ya ce shekara goma sha a aikin taya ban san wuta tana cin roba ba, ya ce da Kiyari yana raye da baƙin ciki ya kashe shi. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce ta wani gefen. Na durƙusa na ce mantuwa ce, a yi haƙuri, ga nawa biyu a madadinsu. Ya karɓa yana tsaki, ya ce ko motarsa za ta kwana a daji ba zai ƙara kawo min ita ba. Kafin la'asar sunan Ƙona-Taya ya riga ya zagaya kasuwa. Masu motocin garin duka ba su kai yatsun hannu biyu ba, kuma babu wanda zai ba Ƙona-Taya tayarsa a shekarar da taya ta fi amarya tsada. Wata takwas ina facin keke da ɗinkin guga. Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, har akwai ranakun da na yi da-na-sani.

Kamyon ta tashi da safe da ƙafafun kuturu a gaba. Kwana huɗu sai ga Sule a ƙofar rumfata da wani yanki na taya a kafaɗa. Ya ce sun wuce Takeita kaɗan, a gangaren nan mai tsakuwa, ta baya ta dama ta tashi kamar bindiga, ba su yi nisa ba ta hagu ta bi ta. Motar ta yi rawa ta tsaya a kan na ciki. Madugu ya ce ƙaya ce, ko kuma bakin mahassada, har ya sa a yi masa rubutu. Dillali kuwa tuni ya tuna yana da dangi a Gure. Sule ya ajiye yankin a gabana, ya tura yatsa a ramin zanen ya fito ta ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallon kaskon.

Ya ce, "Malam Ilu, tun da nake zuwa nan ban taɓa ganin ko tsumma kusa da kaskon nan ba."

Na ce masa tsufa ne ya fara kama ni. Ya ce to Allah ya ƙara irin wannan tsufan, ya tafi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma duk kaka, har ya rasu, sai na ga damin gero daga Takeita a zaurena.

Yankin tayar na ɗauka na shiga Birni. Yaya Habu yana kan tabarmar babanmu, ya rame, askarsa a gefe. Na ajiye masa a kan fatun da ke gabansa, sawun zabuwar yana sama. Ban zauna ba. Na ce masa wannan a baya take, shi ya sa 'ya'yan Sule biyar suke da uba. Ya juya shi, ya shafa wurin da babban yatsa. Ya riga ya ji labarin gobarar kamar kowa, na kuma ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarsa. Ina jiran ya ce na gode ko ya ce yi haƙuri. Kun san me ya ce?

"Ban san na yi shi ba. Wallahi hannun ne."

Bai ƙara yanka wa taya zane ba. Bayan kwana biyu ya aiko min da takalmi ƙafa biyu, ya yanko su daga yankin nan, ya sa musu maɗaurin jar fata. Daga nan ya shiga yin takalman taya, manoman Damagaram suka yi ta saye, don ƙaya ba ta huda su. Ya yi gida, ya aurar da 'ya'ya, ana ce masa Sarkin Takalma. Madugu Tanko da kansa ya sayi ƙafa biyu, yana yawo yana nuna wa mutane kyan zanen. Ni kuwa ga ni nan da sunana. Har Yaya ya koma ga Allah ba mu sake tayar da maganar ba, ni ma yau na faɗa ne don duk wanda za ta cutar ya riga ya kwanta.

To, miƙo min tayar taku. Wannan ce kuka ce kun samu da araha? Kawo hannunka, kai mai cewa iska ce. A'a, ba ta waje ba, zura shi ciki, ka rufe idonka, ka zagaya a hankali. Tsaya nan. Ka ji wannan kumburin? To wa zai zauna a gaban motar?